Cukun Alhaji Ɗantsoho Landan

Duk Ƙofar Sauri babu wayayye kamar Alhaji Ɗantsoho, kuma wanda ke shakka ya tambaye shi da kansa. Tun zamanin da yake akawu aka taɓa tura shi wani ɗan kwas Ingila, ya dawo da laima da tari irin na Turawa. Daga nan unguwa ta laƙaba masa Landan. Shi a zatonsa sarauta ce.

Ga shi da riƙon amana a siyasa. Da soja suka ce za su koma bariki, shi ne gaba-gaba a kamfen ɗin Alhaji Sammani mai neman ciyaman, har shi aka damƙa wa rabon hankici mai hoton ɗan takara. Ranar da Sammani ya sha ƙasa, Alhaji Usman ya ci, sai Landan ya tuna ashe shi tun fil azal mutumin Usman ne. Ragowar hankicin ya tura ƙarƙashin gado.

To, sai aka ji sabon ciyaman zai naɗa mai ba shi shawara kan kiwo da nono. Alhaji Ɗantsoho bai taɓa tatsar ko akuya ba, amma ya ga kujerar nan da shi ta dace. Ya gayyaci ciyaman da dattawan jam'iyya karin kumallo, ya ce zai ba su cuku mai laushi na shafa wa burodi, wanda zai haɗa da hannunsa.

Ya shiga kicin da babbar riga da tabarau. Matarsa, Hajiya Furera, ta ja kujera ta zauna kallo.

"Hajiya, wanga ba kindirmo ba ne," in ji shi. "Kirim-ciz a ka ce mashi. Ilimi ne, sai wanda ya ƙetare ruwa."

A yi masa adalci, ya tafasa madara, ya matsa lemon tsami, madara ta tsinke kamar yadda take yi wa kowa. Alhaji ya dubi tukunya kamar shi ya ƙirƙiro saniya. Saura a juye a ƙyalle a rataye ruwan ya tsiyaye. Hajiya ta miƙo matacin kokonta, wankakke tas.

"Ciyaman guda zan ba abin da ya bi ta tsumman koko? Sabon ƙyalle nike so, wanda hannu bai taɓa ba."

Aka duba gida kaf, babu sabon farin ƙyalle sai na ƙarƙashin gado. Alhaji ya jawo hankici ɗaya, ga hoton Sammani ɓaro-ɓaro. Amma mai basira ba ya rasa dabara. Tunda a tsakar gida za a rataye, inda maƙwabta ke shiga da fita, sai ya juya hoton Sammani ciki, farin ya koma waje. Ya kwarara cukun da zafinsa, ya barbaɗa gishiri, ya ƙulle. Da ruwa ya tsane ya danne ƙullin da dutsen niƙa. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata yatsa.

Washegari da hantsi falo ya cika. Aka yi gaisuwa har ta gaji, aka zuba shayi, aka yanka burodi. Alhaji ya hana kowa taɓa ƙullin, ya ɗauko shi a faranti da kansa, ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, abin da za ka gani yanzu shi ne abin da ke cikin zuciyata game da ƙaramar hukumar nan. Ni mutum ne mai fuska ɗaya. Abin da ke ciki, shi ne a waje."

Ya kwance ƙulli, ya kife a faranti, ya yaye ƙyallen a hankali.

Kowa ya san rinin kayan kamfen, ko yayyafi ba ya jurewa, balle zafi da tsami. Ga Alhaji Sammani kwance a kan cuku, da doguwar hularsa da wushiryarsa, yana yi wa ciyaman murmushi. Ko a fasta bai taɓa fitowa da kyau haka ba.

Wani dattijo ya ƙware da shayi. Ciyaman ya sunkuya ya daɗe yana duban farantin, sannan ya ajiye burodinsa.

"Alhaji, ashe a gidanka ya kwana. Da ka hwaɗa mani ai da na bari sai ya tashi."

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa na cije leɓe. Kujerar kiwo da nono aka ba wani. Na ji tausayin Alhaji, domin Hajiya ta ce da ta kankare fuskar ta ɗanɗana, cukun ya yi daɗi ƙwarai.

Amma wahalarsa ba ta faɗi ƙasa banza ba. Labari ya kai Ƙofar Durbi, gidan Alhaji Sammani, wanda tun faɗuwarsa ko mai sallama bai samu ba. Ya taso da kansa har ƙofar gidan Landan, a gaban jama'ar unguwa ya rungume shi yana hawaye, ya ce duk Katsina shi kaɗai ne ya sake buga hotonsa bayan zaɓe.