Hoton Ɓaunar Alhaji Mati

Ina da wani aboki, Tanimu mai hoto, shagonsa na kallon tashar motar garinmu. In dai biki ne ko suna ko walimar sauka, ba a kai shi iya aiki ba. Jariri ko yana tsala ihu, Tanimu zai durƙusa ya yi masa fito, ya ƙyasta masa yatsu, sai ka ga yaro ya yi tsit ya dubi kamara. Illarsa ɗaya, cika baki. Tunda nake da shi ban taɓa jin an kawo aiki ya ce ya fi ƙarfinsa ba.

Babban maigidansa shi ne Alhaji Mati, don duk hidimar gidan Alhaji shi ke ɗauka, kuma da ita shagon yake tsaye. Alhaji tsohon ɗan kokawa ne, a zamaninsa Ɓauna makaɗa ke kiransa. Yanzu kam ko takalmi zai sa sai an taya shi saboda tumbi, amma labarin kokawar kullum ƙara tsawo yake yi. Da ya gina sabon masaukin baƙi, sai ya kira Tanimu ya ce yana son ƙaton hoton ɓauna a zauren shiga kafin ranar buɗewa.

"Ba wadda ake cirowa a waya nake so ba," in ji Alhaji. "Ta dajinmu nake so, ta dubo mutum ido cikin ido. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, ga yaran sabon shagon hoton can kullum suna yi mini naci."

Tanimu ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na sa surukai masu gaba da juna suka yi murmushi a hoto ɗaya? Ɓauna ai dabba ce kawai."

Ni dai rakiya na yi masa zuwa gandun dajin, don ni ma a ce na taɓa ganin namun dawa. Da sassafe muka taru wurin motar shiga daji, sai ga Tanimu ya fito cikin farar shadda mai ƙyalli, ya kafa hula, ya yi wanka da turare. Jami'in da zai raka mu, wani dogo mai bindiga a kafaɗa, ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, ɗaurin aure za ka ko daji? Wannan ƙamshin tun daga nesa dabba za ta ji shi."

Tanimu ya ce shi bai taɓa zuwa wurin aiki a hargitse ba, kuma ba yau zai fara ba.

Ba mu yi nisa ba muka ci karo da gwanki, yana tsaye yana kiwo abinsa, gwanin sha'awa. Jami'i ya ɗora yatsa a baki. Tanimu ya miƙe a cikin mota, ya saita kamara, ya ce da ƙarfi, "A dubo nan!" Kafin ya danna, gwanki ya kai wata unguwar. Muka tarar da gadu da iyalinsa, ya yi musu fito, suka ɗaga wutsiyoyi sama suka shige ciyawa. Birai ne kaɗai suka amsa kiransa, su kuma suka wuce gona da iri, don wani gwaggon biri ya diro kan motar ya tafi da hular. Har rana ta take, in ban da wutsiya da ƙura babu abin da ke cikin kamarar nan. Na ga gumi ya fara jiƙa shaddar, bakin Tanimu ya mutu, wallahi har ya ba ni tausayi.

Can wajen la'asar, kusa da wani tafki, direba ya taka burki a hankali. Ga ta nan ƙarƙashin inuwa, ɓauna baƙa wuluk, ita kaɗai, ta ba mu baya tana tuƙa.

Jami'i ya raɗa masa, "Ɗauka daga nan. Wadda ta ware ita kaɗai ba a yi mata wasa."

"Daga nan ai bayan ne kuma," in ji Tanimu. "Alhaji fuska ya ce."

Kafin a riƙe shi ya dira. Ya taka a hankali, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa yadda yake yi a gaban amare, ya ƙyasta yatsu, ya ce da muryar lallashi, "Hajiya, a ɗan ɗago kai."

Ta kuwa ɗago. Ta juyo gaba ɗaya ta zuba masa ido, ƙahonin nan kamar an kifa mata turmi a ka. Irin hoton da Alhaji ke nema ke nan, babu ragi. Sai ta yi huci, ta sunkuyar da kai, ta tono ƙasa da ƙafa.

Jama'a, ban san Tanimu yana da gudu ba sai ranar. Takalmi ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma. Akwai wata bishiyar marke da ko ɗan akuya zai yi shawara kafin ya hau, amma kafin in gama salati Tanimu yana can ƙololuwa ya rungume reshe, kamara na lilo a wuyansa. Ɓauna ta zo ta bangaji gindin bishiyar, ta tsaya tana jiran ya gama abin da yake yi. Sai da jami'i ya harba bindiga sama, direba ya danne oda, sannan ta juya ta tafi, ba ta ko sauri. Sauko da Tanimu ya fi komai ba mu wahala.

Washegari muka je wurin Alhaji, muka same shi a ƙofar gida cikin jama'arsa. Ya karɓi kamara yana duba hotuna ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa.

"Wannan mene ne?"

"Gwanki ne, ranka ya daɗe."

"Ina kansa?"

"Ya riga ya yi gaba."

"Wannan fa?"

"Sama ce, da ɗan ganye."

Alhaji ya ajiye kamara a cinya. "Tanimu, duk dajin nan babu dabba mai fuska? Kowacce baya ta ba ka?"

"Ɓaunar ta juyo, Alhaji. Kyakkyawar juyowa ma."

"To ina hoton?"

"Lokacin ni kuma na juya."

Wurin ya kaure da dariya, amma ban da Alhaji. Ya ce a kira masa yaran sabon shago. Na ce a raina shi ke nan, abincin Tanimu ya ƙare a gidan nan. Alhaji ya gyara zama da ƙyar, ya bugi ƙirji.

"Yaran zamani ba ku da zuciya! Dabba ta dube ka kawai ka haye bishiya? Da ni ne, wallahi ko gezau ba zan yi ba. Tsayawa zan yi, ta zo ta same ni a inda nake. Gobe ma in an ga dama a kai ni!"

Tanimu ya ɗauki kamararsa, ya goge ta da bakin riga, ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa.

"To Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, gobe sai mu koma tare. Amma ɗan gyara zaman hularka in ɗauke ka tun yau, don su Hajiya a gida su samu na tunawa."