Kibiyata da Tef ɗin Mormor

"Lafiya lau, tunda yau ka tashi kafin rana ta faɗi," in ji kakata Gunvor, tana cire hular sanyi a bakin ƙofa.

Mormor muke ce mata, ita ta haifi uwata. A gidanta nake zaune a garin Aalborg tun da muka rabu baram-baram da makarantar koyon aikin lantarki. Ranar nan ƙarfe huɗu wata ƙungiyar wasan harbi na kwamfuta za ta gwada ni. Mutum ɗaya suke nema, mu shida ke so. Uku da kwata na zauna in motsa hannu, na ɗan taɓa linzamin kwamfuta, sai sojana na cikin wasan ya yi juyi uku ya harbi sama.

"Mormor, wa ya taɓa min kwamfuta?"

"Ni. Salon saƙa na duba. Kibiyar linzamin taka a allo tafiya take kamar tsohon maƙwabcinmu Malam Børge a kan ƙanƙara, sai na shiga wajen saiti na ƙara mata sauri. Godiya nake jira."

"Kin kashe ni, tsohuwa. Da gangan aka rage saurin, don in iya saita kan mutum."

"To mayar da shi mana."

"Ban san lambar ba. Wani abokina ya saita min shekara huɗu da suka wuce."

"Shekara huɗu kana wannan sana'a, lamba ɗaya ba ka riƙe ba? Ashe malaman nan sun yi haƙuri da kai."

Na rage, sojan ya koma kamar mai ciwon wuya. Na ƙara, ya koma fanka. Na tashi, na zauna, na sake tashi. Uku da rabi.

"Villads, daina buga ƙafa, kofunana na rawa."

"Ke kika jawo. Mutumin da aka haifa kafin a ƙirƙiro keke, me ya kai shi wajen saiti?"

"Ni na koya maka keken, kana ihu har 'yan Norway na jiyo ka. Matsa."

Ta saka tabarau, ba ta ko kalli allon ba. Shimfiɗar da nake murza linzami a kai ta ɗaga, wadda ta yi wata shida tana rantsuwa sai ta wanke ina hana ta.

"Wannan hanyar da ta goge a tsakiya, har tana ƙyalli da maiƙon hannunka, ta mece ce?"

"Nan nake jan hannu in zan juya baya."

"Kullum daga nan zuwa nan?"

"Kullum."

Ta zaro tef ɗin awo daga aljihun rigar sanyinta. Shekara arba'in ta yi tana ɗinki, ko coci da tef take zuwa.

"Ba siket ba ne, Mormor."

"Rufe min baki. Ni da nake ganin gwiwar wando in faɗi tsawon mai shi. Santimita ashirin da uku. Ɗora hannu a farkon hanyar, ja zuwa ƙarshenta. In sojan ya fuskanci bayansa daidai, mun samu lambar."

Na ja. Ya zarce.

"Rage. Yadda kake zarce ƙofar ofishin neman aiki, haka shi ma."

Na rage, na ja. Ya tsaya rabin hanya.

"Gadon gida. Kai ma a rabi ka tsaya."

"Ke kuma kin zarce, tun bara ake jiran ki a maƙabarta."

"Sai na ga ka fara wanke kwanonka. Ƙara kaɗan, kamar gishiri a dankali."

Huɗu saura bakwai, a ja na biyar, sojan ya juya ya tsaya cak, bakin bindiga a kan ƙofar da ke bayansa. Hannuna ya gane gida. Na buɗe filin gwaji: cikin kawuna goma, na samu tara.

"Ɗayan fa?" ta ce.

"Numfashinki ne a wuyana."

Ta rubuta lambar a takarda, ta soke ta da allura a jikin labule. "Faɗi abin da ya kamata ka faɗa, ko in ɗauke shimfiɗar nan yanzu, injin wanki na jira."

Saƙo ya faɗo a allo: 'yan ƙungiyar sun shirya, ina nake? Na danne shimfiɗar da gwiwar hannu.

"Kin ci, Mormor. Kin fi ni."

"Ban ji ba, kunnen nan tun kafin keke yake."

"Na ce kin fi ni."

Ta yi dariya har tabarau ya zame. Ta rataya min tef ɗin a wuya kamar lambar yabo, ta gyara min abin jin magana a kunne.

"Riƙe, na ba ka. In sun ɗauke ka, ka ce kakarka ce kociyarka. In sun kore ka, Litinin akwai labulen Malam Børge, kai za ka auna."