Ranar Da Na Yi Wa Hoton Japan Gyaran Fata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka sa ni na fassara laifina da bakina a gaban dattawan Agege ba. Har yau in na tuna sai kunnuwana su ɗau zafi, kuma haushin kaina nake ji (to, da ɗan na Kawu, da na ruwan saman Ikko).

Lokacin an gama yaƙin basasa, kuɗin mai sun fara zuba, kowa ji yake shi ma ya isa ya yi ciniki da ƙasar waje. Ni ina aiki a siton Kawu Alhaji, ƙanen mahaifiyata, dillalin fatu da ƙirgi. Wasu daga mayanka ake kawo mana, wasu jirgin ƙasa ya sauke mana daga Arewa, mu tantance, mu ɗaure, a kai tashar jirgin ruwa ta Apapa. Ni ne mai tantancewar, kuma ba yabon kai ba, na iya. In na ɗaga fata a hasken rana zan nuna maka inda wuƙa ta ci ta da inda ƙwaro ya huda. Ga ɗan Turancin firamare, wanda a gidanmu ya isa a riƙa kallona kamar lauya. Kawu ya riga ya yi alkawari: in babban mai sayen fatunmu ya gamsu da ni a zuwansa na gaba, ni zai miƙa wa harkar baƙin waje, in huta da warin gishiri.

Mai sayen nan wani dattijo ne ɗan Japan. 'Yan sito Malam Sunkuye suke ce masa, don ko lebura ne ya buɗe masa ƙofa sai ya rusuna masa. A zuwansa na baya ya kawo wa Kawu kyautar wani hoto a takarda, bai fi faɗin faranti ba: masunta na jan taru a bakin ruwa, sama ta yi jawur a bayansu. Da hannu biyu ya miƙa shi. Kawu ya yi godiya, bayan baƙo ya fita ya juya hoton ya ce, "Kalanda ce, ko kwanan wata ma babu." Ya cilla shi saman kabad ɗin ofis.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Sai ga saƙo cewa Malam Sunkuye na tafe, kuma yana fatan hoton nan da ya gada wurin kakansa na nan lafiya.

"Kakansa?" in ji Kawu. "Kai, hau kujera ka sauko da kalandar nan."

Da na sauko da shi sai da muka yi salati. Kwano ya yi yoyo daidai wurin. Takardar ta yi tudu da kwari, ga ɗige-ɗige ruwan ƙasa a jikinta, ga fumfuna a kusurwa, asu kuma ya huda farin gefen ya bar ƙananan ramuka. Kawu, Allah ya ji ƙansa, ya faɗi magana mai hankali: a nuna wa mutumin haka, a ba shi haƙuri. Ni ne na dafe ƙirji.

"Haba Kawu, ina raye? Fumfuna da ƙwaro ai aikina ne kullum. Bar mini shi."

Duk wanda ya taɓa fata ya san maganin fumfuna rana ne. Na hau rufin sito na shimfiɗa hoton, na danne kusurwoyin da duwatsu, na bar shi ya sha rana tun hantsi har la'asar, washegari ma na ƙara masa. Da na sauko da shi fumfunar ta bushe, amma jan saman ya koma kalar kunun gero. Na ce ƙura ce. Na jiƙa tsumma na goga, sai ɗan jan da ya rage ya biyo tsumman, ya gangaro kan fuskar wani masunci. A nan mai hankali zai tsaya. Ni haushi na ji, wai don me za a yi fenti maras kama jiki.

Sai gefen. Fata in bakinta ya lalace datse shi ake yi, ta fito tsaf. Na sa reza na zagaye hoton, na cire farin gefen nan mai ramuka, har da wasu 'yan rubuce-rubuce da jan tambari da na ɗauka tallan kamfanin kalanda ne. Na hura dutsen guga na gawayi na bi takardar ta miƙe. Don kada ta sake lanƙwashewa na dama sitaci mai kauri na liƙa ta a jikin kwalin madara. Wallahi da na gama sai da na ja baya na yaba wa kaina.

Ranar zuwan baƙo Kawu ya tara manyan unguwa a ofis, aka kawo tsire da lemon kwalba. A cikinsu akwai Alhaji Mai Nama, haifaffen Ikko, wanda Yarbanci da Turancin kasuwa suka fi Hausa zama a bakinsa. Ni ne tafinta, na sha wanka, ina tsaye tsakanin Kawu da baƙo. Aka gama gaisuwa, na ɗauko hoton na miƙa, ni ma da hannu biyu, har da ɗan rusunawa.

Malam Sunkuye ya karɓa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya bi gefen da ɗan yatsa ba tare da ya taɓa ba. Sannan ya juya bayan hoton a hankali, sai ga saniyar kwalin madara tana masa murmushi. Ya faɗi wata magana da Turanci can ƙasa-ƙasa.

"Me ya ce?" in ji Kawu.

"Ya ce... aiki ya yi kyau."

"Ah-ah!" Alhaji Mai Nama ya ajiye tsirensa. "Ba haka oga ya ce ba o. Yaro, talk true, muna ji."

Daga nan ba wurin gudu. Mutumin yana faɗa a hankali, ni ina juyawa da Hausa, Alhaji Mai Nama yana gadin kowace kalma. Na ji bakina yana gaya wa dattawa cewa wannan ba bugun inji ba ne, a jikin katako ake sassaƙa shi, kowace kala da nata katakon, a danna takarda da hannu. A bayan takardar ake ganin sawun dannawar, da shi ake gane na gaske, kuma yanzu bayan yana ƙarƙashin sitaci. Rubutun gefe da jan tambarin nan su ke faɗin wanda ya buga shi da zamanin da aka yi. Irin wannan hoto ba ya son rana ko kaɗan, ba a kusantar da shi da ruwa, a kwance ake ajiye shi tsakanin fararen takardu a wuri busasshe.

"Tambaye shi," in ji Kawu, muryarsa ta yi sanyi, "da mun bar shi yadda ruwa ya ɓata shi fa?"

Na tambaya. Na kuma fassara amsar, don ba yadda zan yi: tabon ruwa da hujin ƙwaro duk masu gyara a ƙasarsu suna iya magance su, ta baya suke bi da siririyar takarda. Abin da ba ya gyaruwa shi ne wanda aka yi da niyyar gyara.

Can baƙon ya dube ni da ladabin nan nasa mai ƙona rai, ya ce ko an adana gefen da aka yanke? In yana nan ana iya mayar da shi.

"Ka ji," in ji Kawu. "Je ka ɗauko."

Ban motsa ba.

"Ina yake?"

"Da shi na hura gawayin gugar, Kawu."

Wani dattijo ya ƙware da lemo. Da mutumin nan zagina ya yi, ko ya buga tebur, da na samu sauƙi. Ina! Naɗe hoton ya yi a farin hankici, ya roƙi Kawu izinin komawa da shi gida, sannan ya juyo ya rusuna mini, ya ce ya gode da wahalar da na sha. Wannan ma sai da na fassara.

Cinikin fata bai tsaya ba, mutumin ya ci gaba da saye. Amma harkar baƙi wani ɗan yayan Kawu aka ba, wanda Turancinsa bai kai nawa ba, ni kuma na koma bayan sito ina barbaɗa gishiri. Da na yi ƙorafi Kawu ya ce ai fata ita kaɗai ce ya tabbata za ta iya jure mini.

Tun daga ranar, in aka nuna mini abin da ban sani ba ya lalace, hannuwana nake kaiwa baya in riƙe ɗaya da ɗaya, in tambayi na wane ne. Kuma duk sanda na ji bakina zai ce "bar mini shi", sai in tashi in bar ɗakin.