Rasuwar Mai Ƙaho Biyu, Wadda Ta Kasa Ƙetare Bango

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya fi baƙin cikin yawa, Dattijo Wedson Msiska na unguwar Chibavi a Mzuzu yana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urar wayfai ta gidansa, wadda aka fi sani da Mai Ƙaho Biyu saboda eriyoyinta biyu. Ta rasu ranar Asabar da yamma, jim kaɗan bayan tafiyar baƙi.

Aikinta ɗaya ne a duniya: ta ɗauki kaya daga kwamfutar ɗakin baya ta kai wa kwamfutar falo. Bango ɗaya ne tsakani.

Mai gida ya so ta, ba ya ɓoyewa. Ya ba ta wuri a kabad ɗin gilashi, tare da farantan da ba a cin abinci a cikinsu. Uwargida NyaGondwe ta saƙa mata mayafi mai kauri. Marigayiya ba ta mayar da magana, ba ta yawon gidaje. Sai ƙifta koren ido, da ɗan kukan nan nata, ziii, kamar sauro a bayan kunne. Saboda ita mai gida ya tsaya a ƙofar coci ya faɗa wa dattawa cewa a gidansa hoto da kansa yake tafiya ɗaki zuwa ɗaki, ba mai ɗauka. Shi kuwa tun yana tuƙin tirela bai taɓa faɗin magana ya janye ba.

An daɗe ana ganin nawarta, ana cewa natsuwa ce. Ciwon ya fito fili ranar da surukai, iyalan Nyasulu, suka zo daga Rumphi kallon bidiyon auren ɗansu da Tawonga, 'yar autan gida. Bidiyon yana ɗakin baya. Mai gida ya ba da umarni a turo. Wani ɗan layi ya fito a fuskar kwamfutar falo, ya soma rarrafe.

Aka kawo nsima, tuwon masara, da kifi, aka cinye. Aka kawo shayi. Layin yana nan kamar an ɗaure masa ƙafa.

Tawonga ta durƙusa kusa da kujerar mai gida ta ce a hankali, "Baba, bari in kwafo a filashi, yanzun nan za a gama."

Ya ce, "Zauna. Na ce da kansa zai zo."

Tsoho Nyasulu yana sakace haƙori ya ce, "Suruki, ko dai ta can babban birni Lilongwe ya biyo? Mu da muka taso daga Rumphi ai mun riga shi isowa."

Aka yi dariya. Har da mata. A falon Msiska.

Suka tashi don kada motar ƙarshe ta bar su, layin bai kai rabi ba. Ko fuskar amarya ba su gani ba.

Mai gyara ya ce zafi ne ya kashe ta, wai kabad da mayafi sun shaƙe ta tun ranar farko. Mai gida bai karɓi wannan ba. Suturta ta aka yi, ita ta zaɓi lalaci. Akwai masu cewa sun ji ƙarar sanda a falo bayan fitar baƙi. Mai gida ba zai yi magana a kan wannan ba.

Ta rasu ta bar kwamfuta biyu, waɗanda yanzu ko gaisuwa ba ta haɗa su, da na'urar buga takarda wadda dama can ba sa shiri, da wayar wuta ɗaya mai lafiya, wadda rediyo ya gada.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da safe a ramin shara, bayan ayaba. Ba waƙa, ba wa'azi, ba shayi. Wanda yake da hawaye ya adana abinsa.

Bayan an rufe rami, mai gida zai hau motar Rumphi, bidiyon yana cikin filashi a aljihun kwat ɗinsa, ya kai wa surukai da hannunsa. Dattawan coci da suka gan shi a tasha, su gaisa kawai su wuce.