Farin Yadin Cikin Adaka

Watana uku ke nan da na baro Kaura na tare a Moriki ina jinyar Inna, tun da ɓarin jikinta ya shanye. Zanen gado biyu ne a ɗakin, kullum ina wanke ɗaya ina jiran ɗaya ya bushe, ga damina. Hannuwana har sun tsage.

Rannan ina kakkaɓe adakarta na ci karo da farin yadi, sabo fil, yana ƙamshin turare. Na ce kai, tsofaffi da ɓoyon kaya! Ban tambayi kowa ba, don a ganina ni kaɗai ce mai dabara a gidan. Na kai wa tela ya raba shi zanen gado uku, har na sa ya yi masa shuɗin baki.

Na shimfiɗa, na kwantar da ita, na tsaya jiran albarka. Inna ta shafa da hannunta mai lafiya, ta sansana.

"Ke, ina kika samo wanga yadi?"

"Cikin adakarki, Inna. Yana ajiye ba amfani."

"Likkafanina ne. Da hannuna na tsoma shi cikin zamzam a Makka." Ta lumshe ido. "Tunda kin gaji, kira liman ku ƙarasa."

Daga baya Inna ta samu sauƙi, har tana zama. Duk wanda ya zo dubiya sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga wadda ta yi mini sutura da raina." Yayana kuwa, ko ciwon kai ya ji, ya hango ni tafe, sai ya ce wa matarsa, "Maza ɓoye fararen kaya."