Cindo da Ruwan Famfon Unguwa

A garin Kwarin Dunya akwai wani mutum ana ce masa Cindo. Shi da matarsa Kande da 'yarsu Tasalla ke nan a gida. Cindo ba mugu ba ne, Allah ya sani. Matsalarsa ɗaya: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. A daminar da amai da gudawa ya shigo garin, babu abin da ke tayar masa da hankali irin ya kalli Tasalla tana kurɓar ruwa.

Wata rana duba-gari ya zagayo gidajen unguwa, ya ce, "Malam Cindo, a rufe randa ruf, kada a bar komai ya shiga." Yana fita Cindo ya kwaɓa laka, ya liƙe murfin da bakin randar. Kande ta dawo daga unguwa da ƙishirwa, ta tarar laka ta bushe.

"Malam, ta ina za mu sha?"

"Ai bai yi maganar sha ba, Kande."

Sai da aka sa taɓarya, randar kuma ba ta ƙara moruwa ba.

Wata rana Kande ta ce, "Daga yau duk ruwan da yarinyar nan za ta sha, ka tafasa shi." Ya tafasa har tukunya na rawa. Tasalla na kukan ƙishirwa, ruwa kuwa ya ƙi hucewa, sai ya ɗebo na famfon unguwa ya sirka mata. An ce a tafasa, ya tafasa, babu wanda ya hana sirki. Kashegari yarinya ta kwanta, idanunta suka faɗa. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, ni ma da nake ba ku labari tausayinsa nake ji.

A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa. Malamar da ke duba ta ta harare shi, ta ce, "Kada ka sake ba yarinyar nan ruwan da ba ka ga inda ya fito ba da idonka."

Wata rana da sassafe sai ga Cindo da fartanya a gindin famfon unguwa. Ya tona ya ga bututu, ya bi shi yana tonawa. Ya tsaga hanya, ya ratsa ƙofar gidan mai unguwa.

"Kai Cindo, hauka kake yi?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, inda ya fito nake nema."

Mutane suka bi shi, wasu na tsaki, wasu na dariya. A bayan mahauta fartanyarsa ta nutse cikin caɓi. Ga bututu nan ya tsage, kwance cikin kwatar da ke kwasar jini da ƙazantar mayanka. Duk lokacin da aka ɗauke ruwa, sai ya zuƙi abin da ke kewaye da shi. Masu dariya suka daina, domin babu gidan da ba ya sha daga famfon nan, wasu ma sun riga sun kai nasu makwanci.

Cindo ya daɗe a tsugune yana kallo. Can ya share zufa, ya dubi mai unguwa.

"To, na gani da idona," in ji shi. "Ba zan ba Tasalla ba."