Rasuwar Kwantirol na Hagu

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da ƙaramin yatsa da ya rasa abokin zama, ni Nuruddeen Jabiru, mai shagon buga takardu a bakin tashar Rano, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Kwantirol na Hagu, madannin nan da ke zaune a kusurwar ƙasa ta kibod ɗina. Ya cika ranar Laraba da hantsi, yana bakin aiki.

Marigayin ba mai son a san da shi ba ne. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya da kansa ba, amma in babu shi ba a kwafa, ba a liƙawa, ba a adanawa. Duk jimlar da na gama, yatsana kan sauka a kansa tare da S don a adana aiki, shi kuma ya amsa da ƙyat, babu ƙorafi.

Ciwon ajali ya faro ne da azumin bana, ranar da kunun tsamiya ya ɗiga masa. Tun daga nan in an danna shi sai ya yi zamansa a ƙasa, ba ya tasowa sai ya ga dama. In taɓa b, rubutu ya yi kauri. In taɓa p, injin bugawa ya hau tari. An yi ɗawainiya iya gwargwado. Na hura masa iska, na sosa shi da tsinken sakace, na kashe kwamfuta na kunna, na birkice saitin manhajar rubutun kaf ina zarginta, alhali ba ruwanta. Mujahid mai gyaran waya ya ce a canza kibod ɗin, na yi fushi da shi. Iya, mahaifiyata, ta ɗiga masa man keken ɗinkinta, wai abin da ya warkar da keke ba zai gaza a kan ɗan mitsitsin abu ba. Ya ɗan ji sauƙi, muka yi murna da wuri.

Ga yadda ajalin ya zo. Tun bara Malam Baffa na Madachi, dattijon malamin da idonsa ya yi rauni, yake hawo acaɓa duk Laraba yana faɗa mini tarihin malaman garinsu ina bugawa. Tarihin nan babu inda yake sai a kansa da cikin kwamfutata. Malam a tabarma yake zama, ni kuwa ban isa in hau kujera in ba shi baya ba. Sai in sauko da kibod in ɗora a cinya, in zauna a gabansa, fuskar kwamfutar tana can kan tebur a bayana. A makance nake rubutu, bayan Allah sai marigayi.

Ranar, Malam ya kai ƙarshen littafi, ya yi wa malamansa addu'a. Na adana, ashe marigayi ya maƙale a ƙasa. Malam ya ce amin. Na danna a zan rubuta amin ɗin, shi kuwa Kwantirol in ya haɗu da a, tattaro rubutu yake yi gaba ɗaya. A daidai nan ya saki, ƙyat, sauran haruffan suka hau kan littafin suka shafe shi. Na sake adanawa kamar kullum. Ya adana cikin amana, ya nutse, bai ƙara tasowa ba. Kafin in juya aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita, bayan Malam ya koma gida, abin da ya rage na littafin Malam shi ne "min". Na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ya rasu ya bar ɗan tagwaicinsa, Kwantirol na Dama, wanda bai taɓa ɗaga ko tsinke ba, har yau fentinsa sabo ne. Da maƙwabta Shif da Alt. Da marayu C, V, S da Z. Z ne ya fi ban tausayi, don shi ne mai dawo da abin da aka goge, sai dai wuta ba ta jira shi ba.

Na je Madachi na faɗa wa Malam, kaina a ƙasa. Ya saurare ni har na kai aya. Can ya ce, "Nuru, mamacin naka, Allah ya ba ka haƙurinsa. Ka dawo gobe da sassafe, kada ka jira Laraba, kuma ka zo da biro. Wasu sunayen tun da na faɗa maka na sauke su daga kaina, ban san ko za su dawo ba."

Za a ɓalle gawar da bakin cokali yau bayan sallar Azahar, a naɗe ta a ƙyallen goge gilashi, a binne ta a gindin dalbejiyar bayan shago. Babu zaman makoki, shago zai kasance a rufe. Mai son yin ta'aziyya ya same ni a zauren Malam Baffa a Madachi. In kuma akwai dattijo a gidanku da ke tuna sunan ko malami ɗaya na garin, don Allah ku taho da shi.